Hoton ƙanwata da na kai Furfuri

Mun idar da sallar asuba muka fito daga Tsafe, ni da mijina, sai dai motar ba ta motsa ba sai da gari ya waye sosai, don direbobin hanyar Gusau ba sa son sammako yanzu. Duk addu'ar da na sani na karanta ta, wata ma sau biyu, saboda ina shakkar ko na tsallake wani wuri.

Ga abin da ya fitar da ni. Wani yaron kirki ɗan Furfuri ne ke neman ƙanwata. Ta tura wa danginsa hotonta da ta gyara a waya, ta yi fari tas, hanci ya miƙe kamar na 'yan fim, alhali ita baƙa ce kamar ni. Tun daga nan manyansa suka yi shiru. Na kasa sukuni, ina ganin sun gano gaskiya, sun ɗauke mu mayaudara. Sai na ɗauke ta wani hoton a tsakar gida tana tankaɗe, na ce da kaina zan kai.

A Gusau muka tsaya Sabon Gari muka karya da ƙosai, wanda ya ƙanƙance har ya ba ni tausayi. Shagunan man shafawa jere suke, kowace kwalba da hoton farar mace. Har allon mai ɗinki farar mace ce. Na duba baƙin hannuna.

Hanyar Bunguɗu da sauƙi, dawa ta yi kyau hagu da dama. Matar da ke kusa da ni, mai tallar nono, ta ga ina ta murza waya, ta ce in ci hoce, wainar dawar da ta miƙo mini, kafin in goge wa wayar fenti.

Da muka isa Furfuri, kakar yaron ta karɓe mu da fura. Na yi ta kame-kame ina ba da haƙuri, sannan na miƙa mata wayar. Ta kai ta kusa da ido, ta daɗe tana dubawa.

"To, wagga ita ta ɗiyar mutane," in ji ta. "Ga tsagar gidanku nan a kumatunta."

Ashe wayar ta shafe tsagar a hoton farko. Tsohuwa ta ga fuska sumul, ta ce ba za ta tura manya gidan da ba ta san asalinsa ba, ga yarinya fari fat kamar mai jinya. Ta ce in gaya wa Baba su yi shirin baƙi bayan Juma'a.

Kafin la'asar muka iso gida lafiya, alhamdulillahi. Na koyi cewa ba kowa ke kallo da idon waya ba, kuma na wahalar da kaina kan abin da bai dame su ba. Ƙanwata ta saurari labarin tana rufe fuska, sannan ta ce da na bari ta sa kwalli tukuna.