Lemon Tsamin da Ya Cinye Mini Haƙora

Shekarata goma sha tara lokacin, ni ce 'yar lelen gidanmu a unguwar Makama, ban saba jin an yabi wata a gabana ba. Sai tashin hankali ya koro Bappana da iyalinsa daga garinsu, suka sauka a wurinmu. Cikinsu akwai 'yarsa, sa'ata, wadda ta iso da zani ɗaya da silifas. Amma Allah Ya ba ta haƙora farare tas, ga wushirya. Duk baƙuwar da ta shigo sai ta tanka, har Dada, kakarmu, ta ce dariyar yarinyar nan wanke zuciya take. Wallahi ji na yi kamar in mutu. Na tsani dariyarta, na tsani yadda take ce mini Adda, wato Yaya.

Wata mai kayan kwalliya a kasuwar Jimeta ta ba ni sirri, wai in matse lemon tsami a kan toka in riƙa gogawa safe da yamma. Wata biyar ina yi a ɓoye. Da farko haƙoran sun yi haske, har na fara yi wa 'yar Bappan nawa kallon banza. Daga baya ko ruwan randa na kurɓa sai na ji shi har ƙwaƙwalwa. Na gaba suka yi siriri, suka fara gutsirewa, suka koma rawaya fiye da da.

'Yar Bappan nawa ce ta lura ina rufe baki da gyale, ta matsa sai da ta raka ni asibiti. Likita ya ce sinadari ɗaya ne ke ba ƙashi da haƙori tauri, kalsiyam fosfet, kuma tsami narkar da shi yake, toka ta kankare. Ya ce ƙashi in ya karye yana haɗewa, amma ɓawon haƙori in ya tafi ya tafi ke nan. A hanyar gida na fashe da kuka, na gaya mata dalilina. Sai ta ce ita fa tana yawan murmushi ne don kada mu gaji da su, tunda ba su da inda za su koma.

Yau an yi mini ciko, amma har yanzu ba na dariya a hoto. 'Yan'uwana mata, kada ku sa tsami a haƙoranku kan maganar 'yan kasuwa, ku tambayi likita. Kuma kafin ki yi hassadar murmushin wata, ki san abin da take rufewa da shi. Ni ina da gida, ina da uwa da uba, na rasa abin ƙyashi sai abu ɗayan da ta tsira da shi.