Cinikin Sunan Garin su Inna

A lokacin shagona yana Jimeta, ɗan ɗaki mai kwamfuta uku da injin kwafi da janareta wanda sai an lallaɓa shi yake tashi. Aikina buga takardu ne: takardar neman aiki, katin biki, da furojet na ɗaliban jami'a da ke saukowa daga Sangere. Ɗaya daga cikin ɗaliban ne ya nuna mini sana'ar sayar da suna. Ya ce kowane shafi a intanet yana da adireshi, kuma adireshin na wanda ya riga yin rajistarsa ne. Ka biya kuɗi kaɗan, sunan ya zama naka shekara guda, in ta zagayo ka sabunta. Wanda ya zo daga baya yana so, sai ya saya a hannunka. Su suna ce masa domen.

Na shiga da zumuɗi. Na yi rajistar sunayen da nake ganin wata rana wani otal ko makaranta ko kamfanin shinkafa zai nema. Shekara ta zagayo ba wanda ya ko yi sallama, na bar su suka mutu. Guda ɗaya na ci gaba da sabuntawa, shi ma ba don ciniki ba: sunan garin su Inna, can arewacin jiha a gindin duwatsu, inda muke zuwa hutu muna yara. Ban ɗora komai a kansa ba. Daɗi kawai nake ji cewa nawa ne.

Sai 'yan bindiga suka shiga garin.

Kawu, yayan Inna, ya iso gidanmu a unguwar Yolde Kohi ta Yola bayan kwanaki yana tafiya a ƙasa, shi da matarsa. Ƙafafunsa sun kumbura har silifa ba ta shiga. Babban ɗansu, malamin firamare ne, ya koma baya ya ɗauko wata tsohuwa maƙwabciyarsu, ya ce su yi gaba zai same su. Bai same su ba. Kawu dillalin shanu ne tun kafin a haife ni, mutum mai murya, wanda in ya shiga kara, wato kasuwar shanu, sai kowa ya san ya zo. A gidanmu kuwa ya zama kamar an ajiye kaya. Gida ya cika da dangi, ana kwana har a zaure, shi kuma kullum yana zaune a gefe. Inna ta ce mini, "Ka riƙa tafiya da shi shago. Ko mutane ya gani."

Haka na riƙa goya shi a babur kullum da safe. Ya zauna a kan benci kusa da ƙofa, carbi a hannu, har la'asar.

Wata ranar Talata saƙo ya shigo akwatin imel ɗina. Wata mata ce daga wata ƙungiyar agaji a ƙasar waje. Ta ce suna so su buɗe shafin tara taimako wa mutanen garin, sun duba sun ga sunan yana hannuna, ko zan sayar musu a kan dala ɗari uku. Na karanta sau uku. Ban san lokacin da na yi dariya ba.

"Mene ne?" Kawu ya tambaya. Ita ce tambayarsa ta farko a shagon.

Na yi masa bayani. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Suna kawai? Ba fili, ba gida?"

"Suna kawai, Kawu."

"Kuɗin ya kai saniya?"

Na ce ya kusa kai ɗan maraƙi. Har na ɗora hannu zan rubuta na amince, sai ya taso daga bencin ya tsaya a bayana.

"Shi ya zo wurinka ko kai ka je wurinsa?" Hausar Kawu ba ta raba mace da namiji, duk tsawon cinikin nan "shi" yake ce wa matar.

"Ita ta zo."

"To rubuta masa albarka. Kada ka faɗi kuɗi. Wanda ya fara faɗin kuɗi shi ne mayunwaci. Kuma ba yau za ka aika ba, sai jibi."

Na sha wuya kafin in samo yadda ake cewa albarka da Turanci ba tare da ya zama zagi ba. Jibi na aika. Bayan kwana huɗu ta dawo da ɗari bakwai.

Daga ranar Kawu ya canja. Shi ke riga ni shiryawa da safe. Kafin in tayar da janareta ya ce, "Ya yi magana?" Ya koya mini abubuwan da ban taɓa gani a shafukan masu wannan sana'a ba. Ya ce kada in yabi kayana, in bar mai saye ya yaba da kansa. Ya ce in tambaye ta lafiyar gida kafin maganar kuɗi. Ya ce in lura da tsawon saƙonta, mai dogon bayani ya riga ya kamu. Ya fara cin abinci. Wata rana har na ji yana gardama da mai shayin gefenmu a kan farashin bijimi a kasuwar garinsu da yanzu babu ita. Inna ta ce ko mene ne muke yi a shagon nan, mu ci gaba.

Akwai abin da na lura da shi ban faɗa masa ba. Tayin ɗari bakwai ya zo ne washegarin da rediyo ta ce an ƙone makarantar garin. Na dala dubu ya zo a makon da hotunan gawawwaki suka fita a jaridun waje. Duk lokacin da garin ya ƙara lalacewa, sai kayana ya ƙara daraja. Na kai ga in kunna labarai da safe da zuciya biyu. Ba na son tuna wannan, amma haka aka yi.

A mako na biyar ta nemi mu yi waya. Ta kira da azahar, na sa a sifika, Kawu ya jawo benci ya matso. Muryarta a gajiye take. Ta ce dala dubu ɗaya da ɗari biyar, iyakarta ke nan. Sannan ta ce wani abu a hankali, ba da faɗa ba: duk abin da ta ƙara mini, daga kuɗin abincin mutanen garin za ta cire.

"Me ya ce?" in ji Kawu.

Na faɗa masa kuɗin. Sauran maganar na haɗiye.

Ya rufe ido ya ce, "Muryarsa ta yi laushi. Akwai saura a aljihunsa. Ce masa albarka, amma da fara'a."

Da na fassara masa duka, na san abin da zai ce. Mutanen da ake maganar abincinsu ai su ne kwance a zaurenmu. Amma ni na riga na kashe kuɗin a kaina. Zan kama wa Kawu ɗaki biyu, in ba shi guzurin zagaya sansanonin gudun hijira har tsallaken iyaka ya nemi ɗansa. Kuma, in faɗi gaskiya, zan sayi sabon janareta da kwamfuta biyu. Dubu ɗaya da ɗari biyar za ta yi na farko da na biyu. Na ukun ne ba za ta kai ba. Sai na ce mata a ƙara tunani dai. Ta ce ta gode da lokacina, ta ajiye.

Kwana uku ba saƙo. Kawu ya ce haka ake yi, mai saye yakan zagaya kasuwa ya dawo. Da aka yi kwana goma na rubuta mata na ce na amince da dubu ɗaya da ɗari biyar. Ba amsa. Na sake rubutawa na ce ko dubu. A ranar na ga shafinsu ya fito. Sun ƙara kalma ɗaya a bayan sunan garin, sun yi rajistarsa da kuɗin da bai kai na buhun gawayi biyu ba. A fuskar shafin akwai hoton kasuwar garin, rumfuna sun zama toka. Na rufe da sauri don Kawu yana bayana.

"Ya yi magana?"

"Ta yi," na ce. "Ta ƙara ɗari."

Haka na fara ƙirƙirar saƙonni. Na kasa kallon mutumin nan ya koma yadda ya zo. Duk bayan kwana huɗu ko biyar sai in kalli allon kwamfuta in karanto masa abin da babu. Ta ƙara ɗari. Ta gaishe ka. Ta ce za ta tuntuɓi manyanta. Shi kuma ya ba ni amsa, ni in buga a takardar da ba za ta je ko'ina ba. Mun yi kusan wata a haka.

Wata safiya na ce ta sake ƙara ɗari. Ya jira wani da ya zo kwafin takardu ya fita. Sannan ya ce, "Ɗana, shekarata talatin da wani abu a kara. Mai saye na gaske yana ƙarawa da yawa da farko, daga baya ya riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan, yana fushi, yana barazanar tafiya. Wannan naka kullum ɗari, kullum da gaisuwa. Tun yaushe ya tafi?"

Na faɗa masa. Na faɗa masa har da maganar abincin da na ɓoye. Na yi zaton zai zage ni, da ya fi mini sauƙi.

"Ni na ce albarka," ya ce.

"Kawu, ba ka ji abin da ta ce ba ne."

"Dillalin da bai ga idon mai saye ba, bai kamata ya buɗe baki ba." Ya miƙe ya gyara hularsa. "Kai ni gida."

Bai sake zuwa shagon ba. Ya sami aikin ban ruwa a lambun wani mutum a bakin tafkin Njuwa, yana fita da asuba da bokiti biyu. Da abin da ya tara ya je sansani biyu neman ɗansa, ya dawo ba labari. Muna gaisawa kullum, yana amsawa da kyau, amma maganar ciniki ba ta sake haɗa mu ba. Da sojoji suka karɓe garin ya ce zai je ya ga gida. Ya tarar da bango ba rufi, ya ɗora zana ya zauna. Matarsa ta ƙi binsa, ta ce in ɗansu ya fito Yola zai nufo. Damina biyu Kawu ya yi a can. Labarin rasuwarsa ya same mu bayan an riga an binne shi.

Sunan ya zauna a hannuna wata shekara. Labarai sun koma wasu garuruwa, ba wanda ya sake tambaya. Daf da lokacin sabuntawa wani dillalin irin waɗannan sunaye daga waje ya taya dala tamanin, na sallama a saƙon farko. Na taɓa buɗe shafin sau ɗaya bayan nan, tallan caca ne a kai.

Yanzu ɗalibai a waya suke buga furojet ɗinsu. Na sayar da kwamfutocin, ina cire wa mutane kuɗi da ɗan injin kati, ina sayar da caja. Matar Kawu tana nan gidanmu, idonta ya yi rauni. Duk sanda aka ce an kuɓutar da wasu mutane daga daji, sai ta sa a kira ni in duba mata a waya. Ina zama kusa da ita in karanto abin da aka rubuta, yawanci ba sunaye, adadi ne kawai. Ta ce in ƙara girman hoton, ta kai shi kusa da fuskarta ta daɗe tana dubawa, sannan ta miƙo mini wayar ta ce in je kada a rasa ni a shago.