Baba Jibrin na Siton Magani

Da sassafe Baba Jibrin kan baro unguwarsu ta Morrisania, ya bi jirgin ƙasa zuwa wani sito kusa da filin jirgin sama na JFK, inda wata ƙungiyar agaji ke tara maganin zazzaɓin cizon sauro da kayan gwajin jini kafin a kai su Afirka ta Yamma. Aikinsa shirya kwalaye da ɗaure su. Wannan watan zai yi ritaya.

Abokan aikinsa sun ce idan jirgin sama ya tashi yakan tsaya a bakin ƙofa ya bi shi da ido har ya shige gajimare. Shi kuma ya ce a lokacin ba jirgi yake gani ba, ƙauyensu na ƙasar Haɗeja yake gani da damina, ruwa kwance a fadama. Yana yaro baƙi suka zo da motar agaji, suka yi feshi a ɗakuna, suka raba ƙwayoyi masu ɗaci. Daga baya suka daina zuwa, ba wanda ya san dalili, zazzaɓi ya dawo ya ɗauke ƙanwarsa Firdaoussi. Ya girma yana tunanin su wane ne a can nesa ke aiko da magani. Ashe wata rana hannunsa ne zai riƙa ɗaure shi.

Wata shekara dusar ƙanƙara ta rufe garin da rana tsaka, wuta ta ɗauke a siton, sanyi ya fara shiga kayan gwajin da ba sa jure daskarewa. Baba Jibrin ya kira Kadri, direban tasi ɗan Zangon Kumasi da ke jiran fasinja a filin jirgi.

"Kadri, ɗumin motarka nake roƙo," in ji shi.

"Baba, ka ba ni minti kaɗan, ba ni kaɗai zan zo ba."

Sai ga motoci a jere, na 'yan Kano da na 'yan Maraɗi. Aka cika kujeru da kwalaye, aka kunna hitar ɗumama mota, direbobi suka zauna ciki suna hira har wuta ta dawo. Kadri ya ce Baba ya yi ta zagaya motocin cikin dusar yana taɓa gilashi, kamar mai duba jarirai. Ko kwali ɗaya bai lalace ba.

Baba Jibrin, kai ne mai aikin da ba a gani. Sunayen masu ba da gudummawa suna jikin bangon manyan ofisoshi, naka babu. Amma akwai uwar da ta taɓa goshin ɗanta ta ji ya yi sanyi, ba ta san da hannunka a ciki ba.

Mun gode, Baba, Allah ya saka da alheri. Mu da muka rage a garin nan, wanda duk aka kira ya kawo ɗumin motarsa, ya zo.