Randunan Mma

Sana'ata hatsi ce. Ina sayen wake da dawa da gero a ƙauyukan da ke kewaye da Dapaong in sauko da su Sokode, in ɗauki masara da doya daga wajen Adjengre in haura da su arewa. Da buhu ɗaya na fara, a bayan keken aro. Yau ina da magaza a bakin kasuwa, babban ɗakin ajiye kaya, da motar da ke yi mini jigila. Amma na yi shekaru a gidana na unguwar Kpangalam a Sokode babu ko rabin buhu na abinci a ajiye, kuma ina ganin hakan dabara ce. Buhun da ke zaune a gida ba ya haihuwa, sai dai ya rame, ƙwari su ci rabonsu. Kullum da safe matata takan faɗi abin da za ta dafa, in na isa kasuwa in auna, in ba mai moto, wato ɗan acaɓa, ya kai mata a leda. Babu wanda ya taɓa kwana da yunwa.

Haka muke har mahaifiyata ta zo zama da mu. Mma muke ce mata. Ta daɗe ita kaɗai a gidanmu na Dapaong bayan rasuwar mahaifinmu, ƙannena mata duk sun yi aure sun watse, gwiwoyinta kuma sun fara ƙin ɗaukarta zuwa rijiya. Na yi ta lallashi kafin ta yarda, kuma ko da ta yarda, gwaji ta ce za ta yi. Ta ɗauko akwatinta da tabarmar sallarta, amma ta bar randunanta a hannun maƙwabciyarta, wata tsohuwa 'yar ƙabilar Moba da suka yi zaman amana tun suna amare. Ta ce in zaman Sokode ya yi, to. In bai yi ba, randunanta na nan suna jiranta.

Randunan nan a cikinsu muka girma. Akwai wani ɗan ɗaki mara taga a bayan madafarmu ta Dapaong, a nan suke jere, manya, baƙaƙe don tsufa. Ɗaya ta gero, ɗaya ta dawa, ɗaya ta waken da aka cuɗa da toka don kada ƙwari su huda shi. A jikin azara busasshiyar kuɓewa ce rataye da barkono da ƙullin kuka. A ƙasa ga ƙwaryar man kaɗanya, ga daddawa a naɗe cikin ganye, warinta na tarar mutum tun daga ƙofa. Mahaifinmu falke ne, yakan yi watanni a hanya, wani zuwan ya dawo da riba, wani zuwan ya dawo da labari kawai. Mu yara ba mu taɓa gane bambancin a kwanon tuwonmu ba.

Bayan sallar asuba Mma takan shiga ɗakin nan, ta naɗe hannun riga, ta zura hannu cikin kowace randa. Ba ta buƙatar fitila. Idan ta taɓa hatsi tun hannun bai yi nisa ba, ranar har ƙosai za a soya. Idan sai da ta kai gwiwar hannu, kunu zai yi ruwa-ruwa. Idan kuwa har kafaɗa ta shiga, sai mu ji ta ce yau ba ta jin yunwa. A lokacin na ɗauka da gaske ba ta ji.

Kwanakin farko a Sokode ta ci abinci sosai. Matata 'yar garin ce, ta iya sakwara da miyar gyaɗa, Mma har ta yaba, ita da ba ta cika yabon girkin wata ba. Daga nan sai kwanonta ya fara dawowa da saura. Ta ce haƙori ne. Ta koma azumin Litinin da Alhamis, can kuma muka ga Talata ma ta shiga ciki. Zaninta ya fara zagaye ta fiye da da. Na kai ta asibiti, likita ya duba ya ce ban da gwiwoyi bai ga komai ba. Da muka dawo gida ta kira ni, ta ce in motar kayana za ta Dapaong in sama mata wuri a gaba.

Na san abin da komawarta ke nufi: tsohuwa ita kaɗai, da gwiwar da ba ta kai ta rijiya. Na tambaye ta ko wani ya ɓata mata rai, ta ce babu. Na tambayi yara, na tambayi matata, har na fara yi mata kallon zargi, ashe ita lura take yi.

Abin da ta gani shi ne, kowace safiya bayan salla Mma takan ɗauki sandarta ta zaga gidan tana buɗe ƙofofi. Ta leƙa ɗakin da nake ajiye babur, ta leƙa kabad ɗin madafa, ta buɗe firigo, wato firiji, ta tarar da ruwa da tumatir da ragowar miya. Sannan ta zauna a baranda ta ga mai moto ya iso da 'yan ledoji baƙaƙe. Rabin abincin da take ragewa kuma, ashe rufe shi take yi da faifai ta ba yara in sun dawo daga makaranta.

"Maigida," in ji matata, "a Dapaong su wa ke sayen abinci a leda kullum safiya?"

Na san amsar. Waɗanda randarsu ta kai ƙasa.

"To Mma ta zura hannu a gidanka har kafaɗa ba ta taɓa komai ba. Gani take karayar arziki ta same ka kana ɓoye mata."

Dariya na yi, don na ga abu ne mai sauƙin gyara. Washegari na sa Mma a mota na kai ta magaza. Lokacin an gama girbi ba da daɗewa ba, buhuna sun kusa taɓa kwanon rufi. Ta bi tsakaninsu a hankali da sandarta, ta ɗebi wake ta gatsa, ta ce ya bushe da kyau. Ta shinshina dawa. Ina biye da ita ina jiran fuskarta ta saki. Muna nan wani mai saye ya zo daga kudu, muka daidaita, 'yan dako suka fara fitar da buhuna suna lodawa. Ta tsaya tana kallo har wani ɓangare na bango ya fito fili. Sai ta ce Allah ya ƙara kasuwa, irin addu'ar da ake yi wa kowane mai shago.

Na ce, "Mma, kin dai gani da idonki. Wanda ke da wannan zai rasa abin ci?"

"Na ga haja," in ji ta. "Duk wanda ya shigo da kuɗinsa shi ne mai ita, ga shi nan yanzu an fita da ita a gabana. Abinci shi ne wanda ya shiga gida aka rufe masa ƙofa. Ni ba zan zauna in ƙara baki a gidan da sai moto ya zo ake ɗora tukunya ba."

Na yi mata bayani irin na 'yan kasuwa: hatsin ajiya yana rage nauyi, ƙwari na shiga, ga sabo kullum a hannuna, me zai sa in ci tsoho? Ta saurara har na gama, sannan ta tambaye ni ranar da motar za ta tashi. Na daɗe a kasuwa, na san mai ciniki da ke tafiya don a kira shi ya dawo, na kuma san wanda ya ɗaure jakarsa da gaske. Mma ba ciniki take yi ba.

A ranar na fitar da babur daga ɗakinsa, ya koma ƙarƙashin mangwaro. Aka share, aka wanke. Na zaɓo buhuna mafiya kyau da kaina, irin waɗanda nake ɓoye wa manyan masu saye. Mma ta sa aka kawo mata kujera bakin ƙofa, ta zauna tana ba da umarni kamar ba ita ce mai azumin Talata ba. Ta ce a nemo toka, aka bi gidajen maƙwabta masu girki da itace ana tarawa, suna tambayar ko sabulu za mu yi. Ta sa aka tankaɗe ta, aka cuɗa da wake, aka jefa ganyen dogonyaro cikin dawa.

Wuri ɗaya suka so su saɓa da matata. Mma ta ce a jera buhuna a ƙasa, a jingina su da bango, yadda ake yi a Dapaong. Matata ta san daminar Sokode, inda bango ke gumi, amma ba za ta yi musu da surukarta ba. Sai ta shiga ɗaki ta ɗauko wani takalmina na fata da ya kwana biyu a lungu, fumfuna ta rufe shi fari fat, ta ajiye a gaban Mma. Mma ta juya shi da bakin sanda.

"Garinku ko takalmi bai bari ba," in ji ta. "To, 'yata, yi yadda kuke yi."

Aka shimfiɗa katako, aka bar tazara tsakanin kaya da bango, hatsi ya shiga durorin roba masu murfi. Matata ta ƙara nata: garin rogo, manja, busasshen kifi, doya a kan kantar katako inda iska ke ratsawa. Mma ta rataye kuɓewa da barkono, ta yi ta mitar cewa roba ba ta numfashi kamar randa. Da aka gama, matata da kanta ta miƙa mata makulli, ita kuwa ta ƙulle shi a bakin zaninta. Da yamma aka yi tuwon dawa da miyar kuka. Ta cinye, ta ce a ƙara mata miya.

Amma ba ta janye maganar mota ba. Ba ta sake tayar da ita ba, ba ta kuma ce ta fasa ba, ni ma ban taɓo ta ba.

Da damina ta yi nisa farin wake ya yi wuya a kasuwa, nawa na magaza ya ƙare. Wata mai ƙosai da ta daɗe tana saye a wurina ta biyo ni har gida, ta ce in ba ta samu ba gobe ba za ta hura wuta ba. Na tuna da duron da ke cike a ɗakin Mma. Na je na durƙusa, na yi mata bayani, na ce aro ne, zan mayar in sabo ya shigo.

"Saya za ta yi?"

Na ce eh.

"Kai dai ɗan kasuwa ne ko a cikin barcinka. Abin da ya shiga ɗakin nan ba ya komawa kasuwa."

Sai ta kwance makulli, ta ce a kira matar. Ta cika mata babbar ƙwarya har tana zuba, ta ce ta je ta wanke tokar da kyau, ta ƙi karɓar ko sisi. Daga ɗakin nan ana bayarwa, in ji ta, sayarwa ce ba a yi. Ni da na zo neman ciniki, ga ciniki ya tafi, ga wake ya tafi, har da godiyar ma ita aka yi wa.

Washegari bayan asuba na ji ƙarar murfin duro. Ta fito tana kakkaɓe toka daga hannunta, ta ce wake ya kai mata gwiwar hannu, in san yadda zan yi. Na ce to. Ta juya za ta tafi, sai ta tsaya.

"In motarka za ta Dapaong, ka bi ta. Ka je wurin maƙwabciyata ka karɓo mini randunana, ka kai mata manja da doya. Kuma kada ka zauna a gaba kana hira da direba. A baya za ka zauna, ka riƙe su."

Haka na yi. Na dawo tun daga Dapaong a bayan motar kaya, zaune kan buhun gero, randuna naɗe da ciyawa a kewaye da ni, duk ramin da muka faɗa sai na rungume ta wake, don ita ce mai tsohon tsagu a wuya. A wani shingen hanya wani abokin sana'ata ya hango ni, ya tambaya ko kasuwa ce ta juya mini baya har na koma yaron mota. Na ce masa kayan Mma ne.

Suna nan yanzu a kan katako, a tsohon ɗakin babur. Babur ɗin har yau a gindin mangwaro yake kwana.