Injiniyan da Ya Nemo Fuskar Mahaifiyarsa

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi marigayi Injiniya a shekarar 1949, a wani gari mai gada ɗaya da tashar jirgin ƙasa. Mahaifinsa mai gyaran agogo ne, mahaifiyarsa kuwa tela ce, baƙa wuluk, wadda 'yan unguwa ke kira Mai Keke.

Yana ɗan shekara takwas iyalin suka je gidan hoto. Da aka wanko hoton kowa ya fito sarai, har da kujerar zama, amma fuskar mahaifiyarsa ta zama dunƙulen duhu, ba a ganin komai sai farin ido. Mai hoton ya ɗora laifin a kan fatarta. Ta yi dariya ta ce, "To, ai ɗankwalina ya fito." Daga ranar ba ta ƙara tsayawa gaban kyamara ba.

Karatu da aiki

Ya kammala sakandare a 1968, ya samu digirin injiniyan lantarki a 1973, kuma duk tsawon karatun, hoton nan yana cikin aljihunsa. A 1975 ya kama aiki da wani kamfani mai ƙera ɗan farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara. A nan ya tarar ana gwada kowane faranti da kati guda, mai hoton fuska fara. Sai ya ƙirƙiro tasa al'adar: duk Litinin ya ja labulen ɗakin gwaji rabi, ya zaunar da wanda ya fi kowa duhun fata a ma'aikatar, in fuskar ba ta fito ba ya ƙi sa hannu. Sau biyu wannan taurin kai ya hana shi ƙarin girma.

Aure

Ya auri wata ma'aikaciyar jinya a 1978. Takan ce mijinta ne kaɗai ke kallon mutum yana lissafin hasken goshinsa.

Cikar buri

Sai a 1999 ya dace da farantin da yake nema, a lokacin mahaifiyarsa tana kwance ba lafiya. Kwana uku yana lallashi ta bari ya ɗauke ta hoto, tana ƙi. "Ɗan nan," in ji ta, "ina da fuskar ma ba ta fito ba, sai yanzu da ta yamutse?" A rana ta huɗu ta yarda aka zaunar da ita kusa da taga. Komai ya fito, har tabon da ke haɓarta. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ashe da uwata nake kama." Ta rasu bayan wata biyu.

Ƙarshen rayuwa

Ya yi ritaya a 2009, ya koma gyaran agogo a shagon mahaifinsa. Allah ya yi masa rasuwa a 2019, yana da shekara saba'in, aka binne shi kusa da mahaifiyarsa. Bayan jana'iza aka bincike gidan kaf, ba a samu hotonsa ba sai na yarinta da na takardun aiki, domin kullum shi ke bayan kyamara. Babbar 'yarsa ce ta faɗaɗa hoton kakarta, sai ga mahaifinta a cikin ƙwayar idon tsohuwar, ɗan mitsitsi, ya sunkuya a gefen taga.

Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu: babbar 'yar, likitar ido, mai bi mata, direban jirgin ƙasa, ta uku, malamar lissafi, sai auta, wanda ya gaji shagon agogo. Allah ya jiƙansa.