Ƙishirwar Inna Mairamu

Kullum da hantsi za ka ga Mairamu ta ɓullo ta layin 'yan goro a kasuwar Malumfashi, gammo a hannu, tana ɗan jan ƙafar hagu. Ba ta da doguwar gaisuwa. Ta tsaya ƙofar shagona ta ce, "Alhaji, an tashi lafiya?" Kafin in gama amsawa hannunta na cikin atamfofi tana zaɓe. Ta ɗaure ƙunshi, ta aza a ka, ta shige lungu. Ba a sake ganinta sai la'asar sakaliya, ƙunshin ya rame, ƙafafunta sun yi futu-futu.

Dillaliya ce. Matan da ke cikin kulle ba sa zuwa kasuwa, don haka kasuwar ce ke bin su har ɗaka a kan Mairamu. Al'adar wannan ciniki kuwa ita ce a bar kaya su kwana. Mace ta ga turmin da ya yi mata, sai a bar mata shi ta nuna wa maigida. In ya amince an saya, in bai amince ba gobe a mayar. A cikin wannan kwana ɗaya ne Shaiɗan ke samun wurin zama.

Bari in faɗi ko ni wane ne, don kada a ɗauka masoyinta ne ya ɗauki alƙalami. Ni ne Alhaji Mudi mai atamfa. Ni ke hawa mota zuwa Kano da Kaduna in saro kaya, ni ke biyan hayar shago, ni na je har Funtuwa na sa aka rubuta mini allo da sunana da manyan baƙaƙe. Amma shiga kowane gida a garin nan ka tambayi mace inda ta samo zanen jikinta. Cewa za ta yi, "Na Inna Mairamu ne." Shekaru na yi ina jin wannan magana tana sukata. Kishinta nake yi, kuma ban ga dalilin ɓoyewa ba, tunda gemuna ya riga ya yi fari.

Shekarar babban fari ta zo mana daga wajen Kafur, bayan rasuwar mijinta Istifanus, da 'yarta Roda riƙe a hannu. Kirista ce, ba ta da kowa a kasuwa. Na ba ta kaya kaɗan don gwaji, ina cewa a raina matan Alhazai ba za su sake da ita ba. Kafin damina ta zagayo ta san ɗakin kowace mace daga bakin kasuwa har bayan asibiti, ta san mai son ja da mai son shuɗi, ta san wadda mijinta ke cewa a'a da baki alhali hannunsa na cikin aljihu.

Masu mayar da kaya iri-iri ne. Akwai wadda za ta ɗaura sabon zane ta je suna, ta dawo ta ninke shi a kan karinsa na asali, ta danne da dutsen guga, gobe ta ce maigida bai yarda ba. Akwai mai yanke yadi guda daga tsakiyar turmi ta yi wa ɗanta riga. Gwanayen su ne masu musanya: a karɓi atamfa 'yar Holan ta gaske, a mayar da 'yar gida mai zane iri ɗaya. Ni in irin wannan ta faɗo hannuna a shago, sai kasuwa ta taru. Har gobe ina ganin ɓarawo ba shi da wani magani da ya wuce a kira sunansa da ƙarfi.

Mairamu ba haka take yi ba. Ba ta taɓa kwance kayan da aka mayar a tsakar gida, sai cikin ɗaki, daga ita sai mai ɗakin. Ta shafa, ta kai hanci. Sabon zane warin kanti yake yi, wanda ya je biki kuwa turaren wuta da hayaƙin girki sun riga sun ba da shaida. In ta ga abin da ta gani, ba ta ɗaga murya. Sai ta ajiye ƙunshin nan a gaban mai ɗakin ta ce, "'Yar nan, ƙishirwa nake ji, ruwan randar maƙwabta kuwa ya fi sanyi. Bari in je in sha in dawo. Ki ƙara duba mini kayan nan, kamar an yi kuskuren ɗauko wani."

In ta dawo, sai ta tarar an gyara kuskure. Kuma don kada maƙwabta su gane komai, ta mayar da shan ruwa ɗabi'arta. Duk gidan da ta shiga sai ta nemi moɗa, ko da yanzu ta sha a gidan da ke jikinsa, har mata suka riƙa tsokanarta cewa da randa a cikinta aka haife ta.

Ban san wannan dabara daga bakinta ba. Hajiya Shafa'atu ta Maska ce ta ba da labarin da kanta a shagona, tana dariya, yanzu da ta yi jikoki. Ta ce, "Alhaji, ina amarya na taɓa ɗaura zanenka na je suna na mayar. Da Inna ta ce za ta sha ruwa, wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta dawo na ce mata na fasa mayarwa, na saya. Ta ce Allah ya sa albarka, zanen ya karɓe ki. Daga ranar ban sake sayen ko ɗankwali a hannun wani ba." Ina saurare ina murmushin dole. Zanena ne aka ci amanarsa, amma Mairamu aka ƙare da ƙauna.

Ke ce, Mairamu, kika shiga ɗakunan garin nan kika fito da kaya, ba ki taɓa fitowa da magana ba. Ta Istifanus, mai ƙunshin da ba ya tsegumi.

Sau ɗaya na san ƙishirwarta ba ta yi aiki ba. Shekarar da 'yar Holan ta yi wuyar samu ce, sai wanda ya san hanya. Na samo turame kaɗan ina lallaɓa su kamar ƙwai. Ran nan da la'asar Mairamu ta sauke ƙunshi, ta zaro turmi ɗaya mai ruwan ganye ta ajiye shi gefe.

Ta ce, "Alhaji, wannan ba naka ba ne. An musanya, kuma na sani. Na gasken an riga an sa masa almakashi."

Na ce, "Wane gida?"

Ta ce, "Gidan mutunci. A cire a la'adata har ya biya."

Na ce, "Ba la'adarki nake so ba, suna nake so. Sai na kai ta gaban alƙali, sai mijinta ya ji a tsakiyar kasuwa. Wallahi da matata ce, yau ba ta kwana gidana."

Ta dube ni. Sannan ta ce, "To ka ga dalili ke nan. Mijinta ya san kaya, Alhaji. Ranar da ya duba zai gani, ba sai na faɗa ba."

Na ce mata ko suna, ko kuma kada ta sake taɓa mini kaya. Ta naɗe gammonta ta ce, "Allah ya ba mu alheri," ta tafi.

Kaka ce fa. An fara kai auduga fuloti wurin awo, kuɗi sun shigo hannun manoma, lokacin da dillaliya ke samun abin da za ta ci har damina. Roda kuma tana makarantar kwana. Kalma ɗaya za ta furta ta koma bakin aikinta, ta ƙi. Da idona na gan ta tana yawo da tallan daddawa da kuka, ita da ta saba ɗaukar 'yar Holan. In ta biyo ta gaban shagona sai ta gaishe ni kamar ba abin da ya faru, wannan kuwa ya fi komai ƙona mini rai. Na sa wasu mata biyu a madadinta. Ɗaya ta dawo mini da rigima daga gida uku, ɗayar ta dawo da labarin kowa amma ba ciniki. Matan gari suka yi kamar sun haɗa baki, kowace ta ce zanenta bai tsufa ba tukuna. Da azumi ya matso, kaya na jibge, ni na aika a kira ta. Ta zo, ta ce, "Alhaji, an tashi lafiya?" ta sa hannu cikin atamfofi. Sunan nan dai ban ji shi ba.

Na ci gaba da neman sunan ta bayan fage. In mun yi ciniki mai daɗi sai in ce, "Mairamu, yanzu ai abin ya wuce, wace ce?" Sai ta ce, "Alhaji, ba ni ruwa in sha."

Bana gwiwa ta ƙi. Roda, wadda yanzu ma'aikaciyar jinya ce a Funtuwa, ta ce uwarta ta ajiye gammo ta koma wurinta. Matan cocinsu da matan unguwanni suka shirya mata taron sallama a gidanta, Musulmi da Kirista, har da masu zuwa daga Maska da Kafur. Ni da na yi shekara da shekaru ina ɗaura wa garin nan sutura, ban san ko mutum biyar za su taru ranar da zan rufe shago ba.

Da safen ranar, matata Uwa ta fito za ta tafi wurin taron. Ta ɗauro wani tsohon zane mai ruwan ganye da na daɗe ina gani a jikinta ranar biki ko salla. Na tuna ni na ba ta shi, 'yar gida ce, lokacin da za a yi bikin ƙanenta a Matazu. Ta roƙe ni 'yar Holan a lokacin, ta ce danginta na yi mata dariya wai matar mai atamfa ba ta da zanen kirki, na ce mata kayan shago na shago ne.

Na ce cikin wasa, "Kai, 'yar gidan nan ta yi ƙarko. Ko kaɗan ba ta koɗe ba." Na kai hannu na kama gefen zanen.

Yatsuna sun san kaya ko da idona a rufe. Na murza, na sake murzawa.

Na ce, "Uwa, wannan ai..."

Ta ce, "Shi ne, Alhaji. Wanda ka ba ni shi na mayar wa Inna."

Na saki gefen zanen. Ita ta ci gaba, ba ta sunkuyar da kai ba. "Ta je shan ruwa ta dawo ta same ni ina kuka, don na riga na kai wa tela. Da ka hana ta kaya, sau biyu ina ce mata zan faɗa maka. Ta ce in rufe bakina, ita daddawa ba ta kashe ta, amma ni in na fita gidan nan 'ya'yana fa? Tun bikin Matazu nake ɗaura shi a gabanka. Na ce yau dai sai ta gan shi a jikina kafin ta tafi."

Na zauna a kan tabarma. Ni da nake gane 'yar Holan daga ƙetaren titi a jikin matar wani, sama da shekara goma tana wucewa ta gabana a tsakar gidana.

Da yamma na je tasha, ana ɗora kayan Mairamu a motar Funtuwa. Na tsaya kusa da tagar da take zaune. Ta dubi fuskata, ta yi 'yar dariya ta ce, "Alhaji, sai yau ka duba?"

Na ce, "Sai yau."

Ta ce, "To madalla. Ai kayanka bai ɓata ba, yana inda ya dace da shi."

Mairamu, ke ce kika ɗauki tallan daddawa a kakar auduga don kada wata mace ta bar ɗakinta, kuma ɗakin nan a gidan wanda ya kore ki yake. 'Ya'yana sun tashi gaban uwarsu, biyu sun yi aure daga hannunta, ba su san wa ya saya musu wannan ba. Na gode, na kuma gode. Allah ya ba gwiwarki sauƙi, ya sa Roda ta riƙe ki kamar yadda kika riƙe asirin mutane.

Ku kuma 'yan kasuwa masu tasowa, da ku sababbin dillalai, cuta ba za ta ƙare a ciniki ba, kaya kuma ba za su daina kwana a gidajen mutane ba. Ku koyi sanin kayanku kamar yadda ta sani, kada a mayar da ku wawaye. Amma in kun kama mutum, ku ba shi ɗan lokacin da zai gyara kafin ku tara masa jama'a. Ku je ku sha ruwa ku dawo.

Kishin kuwa kada wani ya ɗauka ya warke. Shekaranjiya na zaɓi 'yar Holan mafi kyau a shagona, na kai wa Uwa da hannuna. Ta karɓa, ta yi godiya, ta jujjuya ta, sannan ta sa a akwati. Na ce ba za ta kai wa tela ba? Ta ce, "Zan kai, Alhaji. Bari dai in na je Funtuwa in nuna wa Inna Mairamu, ta duba mini ko ta gaske ce."