Yadda na fice daga jam'iyyar da ban taɓa shiga ba

Shekarun baya, ana daf da wani zaɓe da ya ɗauki zafi, aka sa ranar bikin ƙanwata. Mu muna Gwadangaji, angon kuma ɗan Argungu ne. Da yake ni ce babba a mata, kuma Allah ya yi ni da shisshigi, ni na karɓi aikin fitar da anko. Babu fa wanda ya sa ni. Na ce duk danginmu babu mai ido a kan atamfa kamar ni, kowa ya ja bakinsa ya bar ni da iyawata.

Na tafi kasuwar Birnin Kebbi wurin wani ɗan kudu da muka daɗe muna ciniki, mutumin da ya zauna garin har Hausarsa ta Kabanci ta fi tawa. Ya zaro wata atamfa ruwan goro mai zanen ƙananan tsuntsaye, ya ce, "Hajiya, wagga yanzu ta sauka. Duk garin ga babu mai irinta." Na ɗauka ina washe baki, na raba wa mata, kowa ta kai wa telanta.

Abin da ban sani ba shi ne, bayan na bar shagon matan jam'iyyar adawa sun zo sun kwashe ragowar atamfar kakaf, za su yi ankon gangaminsu da ita a Argungu, kuma ranar Asabar ɗin da za mu kai amarya. Hukuma ta hana gangamin, wai saboda tsaro. Su kuma 'yan adawa suka ce ƙarya ce, tsoronsu ake ji, sai sun yi. Gari ya ɗauka ko'ina, ni ban ji ba, ina can ina faɗa da masu tuyar cincin.

Bayan la'asar muka isa mashigar Argungu, motoci maƙil da mata, ana ta guɗa. Sai ga shinge. Masu tsaro sun tare hanya, ga wasu samari tsaye a bayansu da sanduna. Babbansu ya leƙo motarmu, ya ƙare mana kallo, ya ce, "Ku juya. An hana taro."

Na ce, "Wane taro? Amarya munka kawo."

Ya ce, "Tun sahe kowa haka yake cewa. Ku juya."

Na sauko, na ja shi har motar amarya, na buɗe ƙofa na nuna masa ita tana lulluɓe tana sharɓar kuka. Sai ɗaya daga cikin samarin nan ya bushe da dariya ya ce, "Kai, mutanen ga sun iya shiri! Har amarya sunka yo haya!"

To, nan fa na tashi daga hayyacina. Wanda ya san ni ya san ba na iya faɗa hannuna a ƙasa. Na ɗaga hannu sama, gyale ya zame, baki a wangame, na wanke yaron nan tas. Mata suka firfito suka tsaya a bayana, duk cikin ruwan goro. A daidai lokacin wani ɗan albarka ya ɗaga waya ya ɗauke mu. Sai da wani dattijo daga dangin ango ya zo ya yi rantsuwa kafin aka buɗe mana, muka shiga da amarya ana kiran magariba, kwalliya duk ta narke.

Washegari na wayi gari na zama 'yar siyasa. Hotona ya karaɗe wayoyi. 'Yan adawa suka rubuta a ƙarƙashinsa cewa ga jarumar da ta jagoranci mata suka bijire wa zalunci. Masu mulki suka ce ga shaida, an yo hayar mata daga ƙetaren iyaka don a dagula zaɓe. Ni da aka yanke wa cibiya a Gwadangaji, ni ce 'yar ƙetare! A majalisun shayi har dambe aka yi a kaina. Wannan ya ce gwamnati na amfani da masu tsaro tana murɗe zaɓe tun kafin a yi shi, wancan ya ce 'yan adawa ne ke shigo da baƙi. Babu wanda ya tambaye ni ko da sannu.

Yayana, wanda ɗan adawa ne na a-mutu, ya kira ni cike da murna. Ya ce, "Ke, ashe haka kike! Kin hidda mu kunya." Na ce, "Yaya, ai kai ma kana wurin ɗaurin auren ga. Ka san biki ne." Ya ce, "Na sani, amma ki yi shiru da bakinki. Kada ki ɓata muna."

Na koma kasuwa don in sauke haushina a kan mai atamfa. Na iske shi ya fi ni shiga uku, an ce za a rufe masa shago don yana sayar wa 'yan adawa kaya. Ya ce, "Hajiya, wallahi gaskiya na hwaɗa miki. Sa'ad da kinka saye babu mai irinta." Ƙarshe dai ni na ƙare da ba shi haƙuri.

Da a nan abin ya tsaya, da yanzu labarin dariya nake ba ku. Amma mijina ma'aikacin gwamnati ne, ƙaramin akawu a wata ma'aikata, mutum mai shiru-shiru wanda ko gardamar ƙwallo ba ya shiga. Mahaifiyarsa, Inna, tana tare da mu, ɓarin jikinta ya shanye, kuma shi kaɗai ne ɗanta da ya rage a duniya. Shi ke ɗaga ta da safe ya fito da ita ta sha rana. Da azahar ya hau mashin ya dawo daga ofis ya juya ta, ya koma. Magani kuwa, ko ni da nake mata wanka, in na miƙa sai ta kau da kai ta ce a jira maigidan.

Ranar Talata ya dawo bai ci abinci ba. Na matsa masa, sai ya ce ogansa ya kira shi. An nuna masa hoton, an ce ashe a gidansa ake dafa adawa yana cin albashin gwamnati. Za a mayar da shi wani gari can bakin iyaka, tafiyar wuni guda in hanya ta yi kyau. Mafita ɗaya ce: akwai taron karɓar masu sauya sheƙa a gidan wani babba a unguwar Gesse, in je in tsaya gaban jama'a in ce na bar jam'iyyar adawa.

Na ce, "In bar mi? Yaushe na shiga da zan hita? Ni ko katinsu ban taɓa gani ba!"

Ya ce, "Na hwaɗa musu biki ne. Sun ce sun sani."

"Sun sani?"

"Sun sani. Sun ce hoton ya riga ya yi musu ɓarna, sai wani hoton ya gyara."

Na yi ta zazzaga masifa a tsakar gida, na zagi masu mulki, na zagi 'yan adawa, na haɗa da mai wayar da ya ɗauke ni. Shi dai yana zaune. Da na gaji ya ce, "Maman yara, ni ban ce ki tahi ba." Ya miƙe ya shiga ɗakin Inna, na ji tana tambayarsa me ya sa yau bai dawo da azahar ba. Ina tsaye a bakin ƙofa na san zan je.

Ranar taron shugabar matan jam'iyya mai mulki ta ja ni gefe tana koya mini abin da zan faɗa, kamar 'yar firamare. Wai in ce an yaudare ni, yanzu na gane gaskiya. Na ce, "Hajiya, mi zai hana in hwaɗi gaskiyar ita kanta, in ce amarya munka kai?" Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "'Yar uwa, wa zai tara jama'a don ya ji kun kai amarya?" Aka yafa mini atamfarsu a kafaɗa, aka miƙo mini abin magana. Na faɗi abin da aka ce in faɗa. Aka tafa, aka yi guɗa, mai shela ya ce yau sun kamo giwar matan adawa. Ni kuwa ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ban kai gida ba yayana ya kira. Ya ce, "Nawa sunka ba ki?" Na ce, "Yaya, aikin mijina ne, ka san halin da Inna take ciki." Ya ce babu ruwansa, na ci amanar talakawa, ya kashe waya. Makonni ba ya amsa gaisuwata. Amma an bar mijina a wurinsa, na ce to, ko ba komai na sayi zaman lafiyar gidana da kunyar wuni ɗaya.

Aka yi zaɓe. Kun san me ya faru? Masu mulkin suka sha ƙasa.

Su da suke cewa babu mai iya murɗe zaɓe, suka koma ihun an yi musu maguɗi. Su yayana da suke rantsuwa an gama murɗe shi, suka ce ba a taɓa sahihin zaɓe irin wannan ba. Na ce Allah ya raba mu lafiya, kowa ya ji da abin da ya dame shi. Ashe ba a gama da ni ba. Sababbin suna zama suka shiga kakkaɓe ma'aikatan da suka ce sun yi wa tsofaffin aiki. Aka zaro bidiyona na Gesse, ga ni da atamfa a kafaɗa ina cewa na gane gaskiya. Aka ce mijin wannan matar ai ɗan waccan jam'iyyar ne na cikin gida. Aka mayar da shi bakin iyaka. Kuma wallahi garin nan dai, wanda na farkon suka yi masa barazana da shi, ko canza wuri ba su yi ba.

Na ɗauki gyale na tafi gidan yayana ba tare da na yi waya ba. Na iske shi cikin baƙi ana ta taya shi murna. Na ce, "Yaya, kai ka san komi tun daga hwarko. Ka je ka hwaɗa musu." Ya yi ɗan tsaki ya ce abin ya fi ƙarfinsa, amma akwai hanya. Za a yi taron karɓar waɗanda suka dawo gida, in zo in ce tilasta mini aka yi, yanzu na gane gaskiya.

Na ce, "Gaskiyar nan guda nawa ce, Yaya? Kowane gida da tasa?"

Ya ce, "Ke dai ki zo."

Kuma da na je, kar ku ce ba zan iya ba. Wanda ya sha kunya sau ɗaya, ta biyu ba ta kashe shi. Mijina ne ya hana. Shi ne karo na farko da na ji ya ɗaga murya tun aurenmu. Ya ce, "Ya isa! Ba za ki sake tsayawa gaban kowa ki yi ƙarya don ni ba. In sun hwaɗi gobe, ki koma ina?" Na ce to ya ajiye aikin. Ya ce da me za mu sayi maganin Inna? Na ce mu tafi da ita. Ya ce garin da babu likita, ga jikinta ba zai ɗauki hanyar ba. Ya ɗaure kayansa ya tafi, yana zuwa ƙarshen mako in ya sami mota.

Na koyi ɗaga Inna ni da wata maƙwabciya. Na koyi lallashinta ta sha magani, wani lokaci dole sai da ƙaryar cewa shi ya aiko a ba ta. Amma kullum aka kira azahar sai ta juya fuska wajen ƙofa ta ce, "Maigidan bai dawo ba?" In ce, "Sai Juma'a, Inna." Ta ce, "To." Gobe ta sake tambaya.

Ranar wata Laraba da hantsi Inna ta cika, cikin damina. Aka kira shi, ya fito nan take, ruwa ya cinye hanya. An jira shi iya abin da za a iya jira, malamai suka ce a kai ta. Ya iso ya tarar da mutane sun dawo daga maƙabarta suna wanke ƙafa a ƙofar gida.

Daga baya an dawo da shi Birnin Kebbi, lokacin da babu sauran wanda ya tuna dalilin kai shi. Na shirya da yayana, don zumunci ya fi ƙarfinmu. Ƙanwata tana Argungu da 'ya'yanta, in muka haɗu har dariyar amaryar haya muke yi.

Amma duk lokacin da zaɓe ya ƙarato na ga kuna yaga juna a nan shafukan sada zumunta, wannan na cewa su waye ke amfani da mulki su danne mutane, wancan na cewa ai su wane ne, sai haushi ya turnuƙe ni. Ni na ɗanɗani hannun duka biyun, ban ji bambanci ba. Dukansu sun san biki muka je, kowa ya faɗa da bakinsa ya sani. Yanzu wasu daga cikinsu ma jam'iyya ɗaya suke, suna cin tuwo a faranti guda.

Mijina har yau bai taɓa ɗora wa kowa laifi ba, ni ke yin faɗan a madadinsa. Sau ɗaya kawai ya yi maganar, bayan an share makoki. Ya tambaye ni ko Inna ta ce wani abu kafin ta cika. Na ce masa ba ta ce komai ba, barci ya ɗauke ta. A duk ƙaryar da na yi a wannan lamarin, wannan ce kaɗai na yi da son raina, don tambayar nan da Inna ta saba, ko ya dawo, ita ta yi.